Amana a Cikin Kaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abota a Ƙananan Finafinan 'Yan Sandan Hong Kong

Masu kallon finafinan Caina a wajenmu sun fi sabawa da kunfu da takubba da masu tashi sama. Akwai wani reshe da ba a cika zancensa ba, wato ƙananan finafinan 'yan sanda da ake yi a Hong Kong da harshen Kantonis. Ba su da kuɗin farfasa motoci goma, don haka da fargaba suke riƙe mai kallo, da kuma tambayar wa zai tsaya wa wa idan rana ta ɓaci. Tambayoyin nan su ne suka fi maimaituwa a bakin masu fara kallonsu. Mun ɗauki fim ɗaya, PTU na darakta Johnnie To wanda ya fito a 2003, ya zama abin misali. PTU taƙaicen Police Tactical Unit ne, wani ayarin 'yan sandan sintiri na Hong Kong. A sani cewa wasu amsoshin sun tona ƙarshen labarin.

Wane irin fim ake nufi, kuma me ya raba shi da fim ɗin Caina da muka sani?

Fim ne na zamani, a kan titi, yawanci bai wuce minti casa'in ba. 'Yan wasan da ke ɗauke da labarin ba su cika wuce shida zuwa takwas ba, wuraren ɗauka kuwa lunguna ne da gidajen shayi da matakalar tsofaffin benaye a unguwannin Kowloon irin su Mong Kok da Yau Ma Tei da Tsim Sha Tsui. Harshensa Kantonis ne, wanda ake yi a Hong Kong da Makau da lardin Guangdong, ba Mandarin na Beijing ba. Faɗa kaɗan ne. Ana iya shafe minti arba'in ba a yi harbi ko ɗaya ba, sa'an nan a gama komai cikin minti uku. Wanda ya zauna yana jiran jarumi ya bi bos ya kashe zai tashi da haushi, domin sau da yawa babu jarumi babu bos, sai mutane masu kaki da marasa kaki da kowannensu ke bin wani bashi.

Me ya sa masana'antar da ta yi suna da manyan finafinan faɗa ta koma irin waɗannan?

Kasuwa ce ta karye. A farkon shekarun 1990 Hong Kong na fitar da fim wajen ɗari biyu a shekara, kafin ƙarshen shekarun adadin ya ragu da fiye da rabi. Dalilan sun haɗu ne lokaci guda: masu sayen Taiwan, waɗanda a da suke biyan kuɗi tun kafin a fara ɗauka, sun janye, satar fasaha ta faifan VCD ta cinye cinikin sinima, tattalin arzikin Asiya ya durƙushe a 1997, shekarar da Birtaniya ta miƙa yankin ga Caina, manyan sunaye irin su John Woo da Chow Yun-fat kuma sun tafi Amurka.

A cikin wannan hali ne Johnnie To da Wai Ka-fai suka kafa kamfanin Milkyway Image a 1996. Dabararsu ita ce su yi finafinan barkwanci da soyayya masu kawo kuɗi, su riƙa tsakurar lokaci suna yin nasu na son rai da 'yan wasa da ma'aikata kusan iri ɗaya. Don a gane ƙanƙantar jarin: fim ɗinsu The Mission na 1999 an ɗauke shi cikin kimanin kwana 18 da kuɗi wajen dalar Hong Kong miliyan biyu da rabi. PTU kuwa a tsinke-tsinke aka yi shi, da dare kawai, cikin sama da shekara biyu, a tsakanin wasu ayyukan. Shi ne kuma ya ba Johnnie To kyautar gwarzon darakta a bikin finafinan Hong Kong na 2004.

Mene ne labarin PTU a taƙaice?

Dare ɗaya ne a Tsim Sha Tsui. Sajan Lo, ɗan sandan farin kaya wanda Lam Suet ya fito a matsayinsa, ya bi wasu 'yan daba cikin lungu, ya taka ɓawon ayaba ya faɗi, suka lakaɗa masa duka. Da ya farfaɗo sai ya ga babu bindigarsa. A daidai lokacin an soke shugaban yaran, ɗan wani babban ɗan daba, a gidan cin abincin da suka baro. Ayarin sintiri na PTU, masu shuɗiyar hula, suka tarar da Lo jina-jina. Doka ta ce a kai rahoton ɓatan bindiga nan take. Sajan Mike, wanda Simon Yam ya taka, ya yanke cewa a ba Lo zuwa wayewar gari, shi da yaransa za su taya shi nema. Sauran fim ɗin neman ne: Mike yana matsa wa ƙananan 'yan daba, Lo yana ciniki da manyansu, Sufeto Leigh ta sashen binciken manyan laifuka kuma tana bin sawun kisan, tana ƙara zargin Lo.

Ɓatan bindiga ɗaya har ya kai a yi fim a kansa?

A Hong Kong ya kai. Farar hula ba sa riƙe bindiga sai da lasisi mai wuyar samu, don haka kowace bindigar gwamnati da ta shiga hannun ɓata-gari babban al'amari ce. A wancan zamani ɗan sanda na ɗauke da ƙaramar bindiga mai juyi, cin harsashi shida, mai lamba, wadda yake sa hannu ya karɓa a ɗakin makamai ya kuma mayar idan ya tashi aiki. Kowane harsashi da ya fita sai an yi bayaninsa a rubuce. Wanda ya ɓatar da tasa zai fuskanci bincike da horo, ƙarin girma kuma ya tafi, kuma Lo yana dab da samun nasa.

Masu kallo na 2003 ba su buƙaci a yi musu wannan bayanin ba. A watan Maris na 2001 an kashe wani kurtu a Tsuen Wan aka ɗauke bindigarsa, aka yi fashin banki da ita a ƙarshen shekarar, ba ta sake bayyana ba sai a Maris na 2006 bayan wata musayar wuta a hanyar ƙarƙashin ƙasa a Tsim Sha Tsui, inda ta tabbata cewa mai riƙe da ita ɗan sanda ne mai ci. Saboda haka alfarmar da Mike ya yi ba ƙarama ba ce. Idan aka harbi wani da bindigar Lo kafin asuba, duk wanda ya sani ya yi shiru ya shiga ciki. Wannan shi ne ma'aunin amana a irin waɗannan finafinai: awa nawa ka ba ni, kuma me za ka rasa idan abin ya fashe.

To Mike da Lo abokai ne? Ban ga suna raha ko wata shaƙuwa ba.

Wannan tambaya ta fi kowace zuwa, kuma mai yin ta ya lura da kyau. Fim ɗin bai nuna sun taɓa zama tare ba, bai ba su tarihin yarinta ko na makarantar horo ba. Lo mutum ne mai kwaɗayi da kurari, wanda ba kowa zai so ya zauna kusa da shi ba. Abin da ya haɗa su an faɗe shi tun a farkon fim, cikin motar sintiri: rediyo ya ba da labarin wani ɗan sanda da 'yan fashi suka kashe, yaran suka fara yi wa mamacin ba'a, Mike ya tsawatar musu da cewa duk wanda ya sa wannan kaki nasu ne. Daga nan ba a sake wa'azi a kan zancen ba.

Wato abotar da ake nufi ba ta son zuciya ba ce, wajibi ce. Kana iya ƙin mutum ka kuma tsaya masa, domin gobe kai ne a lungun. Hasali ma fim ɗin ya fi ƙarfi saboda Lo bai cancanci taimakon ba. Da mutumin kirki ne da babu abin tambaya. Asalin wannan tunani yana cikin amsa ta gaba, illarsa kuma tana cikin wadda ke bin ta.

Wane ne mai jar fuska da dogon gemu da ake kunna wa turare a caji ofis da kuma gidan 'yan daba?

Kwan Tai ke nan, wanda ake kira Guan Yu da Mandarin, janar ne da ya rayu a ƙarshen daular Han ya mutu a shekara ta 220. Labaran gargajiya sun ce ya yi rantsuwar 'yan'uwantaka da Liu Bei da Zhang Fei, bai kuma saɓa ba ko da abokin gaba ya kama shi ya yi masa tayin dukiya da muƙami. Daga baya aka mayar da shi abin bauta, alamar halin da Kantonis ke kira yi hei: tsaya wa naka, biyan alheri, ƙin tona asirin wanda kuka yi alkawari da shi. An daɗe ana ajiye mutum-mutuminsa a ofisoshin 'yan sandan farin kaya na Hong Kong, ƙungiyoyin asirin da ake kira Tirayad su ma shi suke girmamawa, kuma sabon shiga cikinsu yana yin rantsuwa 36, akasarinsu a kan kada ya ci amanar ɗan'uwa.

Idan darakta ya nuna wannan gunki a ɓangarorin biyu, da gangan ne. Yana cewa mai kamawa da wanda ake kamawa doka ɗaya suke bi a zuci, kakin ne kawai ya bambanta. Ga mai ƙaramin jari wannan garaɓasa ce: mutum-mutumi ɗaya da tsinken turare uku sun ɗauke masa shafi biyar na magana.

Ashe rufa wa abokin aiki asiri ba cin amanar jama'a ba ne? Fim ɗin yana goyon bayan haka?

Cin amana ne, kuma fim ɗin bai ɓoye farashinsa ba. A gidan wasan gem Mike ya tsare wani yaro yana shara masa mari, yana tilasta shi ya goge zanen da ke wuyansa da yatsa, zanen da ba ya goguwa, har fatar ta yi ja. Ba yaron ake nema ba, ana so ne ubangidansa da ke kallo ya karaya. A wani lungu kuma an doki wani har numfashinsa ya tsaya, sai da aka danna masa ƙirji ya dawo, ayarin suka ci gaba da sintiri kamar ba a yi ba. Kyamara ba ta kau da kai, ba a kuma sa kiɗan jarumta. Duk wannan saboda kuskuren mutum ɗaya.

Ƙarshen ya fi ciwo. Bindigar ba a sace ta ba: tana nan cikin sharar lungun da Lo ya faɗi, ya same ta ne da ya sake zamewa a wurin. Marin da dukan da cinikin da aka yi da 'yan daba duk a banza. Bayan musayar wutar ƙarshe kowa ya ba da rahoton da ya gyara, babu ɓatan bindiga a ciki, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ɓoye. Abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa. A ganinmu masu cewa fim ɗin yabon 'yan sanda ne ba su kalle shi da kyau ba, haka ma masu cewa tsinuwa ce. Ya sa ka so Mike ya yi nasara, sa'an nan ya bar ka da sanin abin da ka goyi baya.

Wannan rufa-rufa tana da tushe a tarihin 'yan sandan Hong Kong?

Tana da shi. A shekarun 1960 zuwa farkon 1970 cin hanci a rundunar tsari ne mai shugabanni: ana tara kuɗi daga gidajen caca da masu ƙwaya, a raba daga sama har ƙasa, wanda ya ƙi karɓa shi ne bare. A 1973 wani babban jami'i Bature, Peter Godber, ya tsere zuwa Ingila ana tsakiyar binciken dukiyarsa ta sama da dalar Hong Kong miliyan huɗu. Fushin jama'a ya sa Gwamna Murray MacLehose ya kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICAC a Fabrairun 1974, aka dawo da Godber a 1975 aka ɗaure shi shekara huɗu. A Oktoban 1977 'yan sanda suka yi zanga-zanga, wasu suka afka wa ofishin hukumar, a watan Nuwamba gwamna ya yi afuwa ga akasarin laifukan da aka aikata kafin farkon shekarar.

Shi ya sa idan ka ji an ce a fim an gayyaci wani shan kofi, fuskoki suka canza, to ICAC ce ta kira shi. Tambayar da ke biyo baya kullum ɗaya ce: zai ambaci sunan wani?

Ta yaya ƙarancin kuɗi ke canza yadda ake nuna amana?

Mai kuɗi yana nuna ta da sadaukarwa mai ƙara: aboki ya tare wa aboki harsashi, gini ya fashe a bayansu. Mara kuɗi dole ya nuna ta da jiki da lokaci, wato wa ya tsaya, wa ya bi, wa ya kau da ido. Fitowar da ta fi shahara a PTU ba a yi magana a cikinta ba. Mike zai hau wani tsohon bene mai duhu inda yake zaton yaran da ake nema suna ɓoye. Aikin ba na hukuma ba ne, don haka ya shiga shi kaɗai, da tocila da bindiga, yana hawa a hankali, hawa bayan hawa. Yaransa suna tsaye a titi suna kallon hasken tocilar yana motsi ta tagogi. Can sai ɗaya ya bi shi. Sai wani. A ƙarshe har wanda ya fi nuna ƙin abin ya hau. An kashe mintuna a kan wannan, kayan aikin kuwa matakala ce da tociloli da jita ɗaya.

Dare ma kansa tanadi ne. Titi babu jama'a, ba sai an biya 'yan cika fage ko an tare hanya ba. Mai ɗaukar hoto, Cheng Siu-keung, yana haska wuri ɗaya da farin haske mai ƙarfi ya bar sauran baƙi ƙirin, abin da ba a haska ba kuwa ba sai an gyara shi ba. Sakamakon shi ne kullum ana ganin ayarin a dunƙule cikin haske ɗaya, wanda ya ware kuma duhu ya haɗiye shi. Akwai kuma amfanin maimaita 'yan wasa: Lam Suet ma'aikacin bayan fage ne kafin ya fara fitowa, ya daɗe tare da waɗannan mutane, kuma sabon da ke tsakaninsu yana fitowa a hoto ba tare da an rubuta shi ba.

Me ya sa kullum ana cin abinci?

Domin a tebur ake gane matsayi. Tun farko-farkon PTU an nuna gidan cin abinci irin wanda tukunyar romo ke tafasa a tsakiyar tebur: 'yan daba sun tashi wani saurayi daga mazauninsa, Lo ya zo ya tashe su, aka yi ta matsawa har saurayin ya ƙare a lungun da ba mai kallonsa. Shi ne ya soke shugaban nasu. Cikin 'yan mintuna an nuna wa ke tsoron wa, an kuma nuna cewa wanda aka raina shi ne haɗarin. A sauran finafinan ma ka lura da wa ke zuba wa wani shayi, wa ke biyan kuɗi, wa ya ƙi ɗaukar tsinken cin abinci. Ƙin ci a teburin mutum yanke alaƙa ne. Gidan shayi kuma wuri ne mai arha: ana ɗauka bayan an tashi ciniki, teburi da fitilu duk na mai gida.

Waɗanne kalmomin kira ya kamata in riƙa saurara?

Fassarar ƙasan allo takan mayar da su duka abu ɗaya, alhali a nan alaƙa take. Farar hula da ƙananan ma'aikata suna kiran ɗan sanda namiji A Sa, mace kuma Madam, gadon zamanin Ingilishi. Tsakanin 'yan sanda ana cewa si hing ga namiji da si je ga mace, kamar a ce yaya a wajen koyon sana'a, ko fo gei, abokin aiki. 'Yan daba suna kiran ubangidansu dai lo, junansu kuma hing dai, 'yan'uwa. Mafi muni a kira mutum yi ng jai, maci amana mai kai rahoto. Abin lura shi ne lokacin da kira ya canza: idan wanda ya saba cewa si hing ya koma kiran mutum da muƙaminsa da cikakken sunansa, zumunci ya ƙare, an koma doka.

Ina labarin ɗan sandan da ake dasawa cikin 'yan daba? Shi ma amana ce?

Shi ne ɗaya reshen, kuma ya girmi PTU. A City on Fire na Ringo Lam, 1987, ɗan sandan da aka dasa ya shaƙu da ɗan fashin da aka tura shi ya kama, har ya zama duk inda ya juya maci amana ne. Tsarin yana da sassa uku da ba sa canzawa: jami'i ɗaya tak da ya san gaskiyar wanda aka dasa, aboki a cikin ƙungiya wanda ya yarda da shi da zuciya ɗaya, da alkawarin fitar da shi da ake ta ɗagawa. Fargabar tana zuwa ne idan wani abu ya sami jami'in nan, domin daga ranar babu mai shaidar cewa shi ɗan sanda ne. Bambancinsa da PTU shi ne a can amana biyu ke jan mutum ɗaya, a nan kuwa ayari guda ne suka zaɓi amanar junansu a kan ta jama'a.

Mata fa? Ko zancen na maza ne zalla?

Akasari na maza ne, kuma wannan rauni ne na gaske a reshen. PTU ya ɗan fi sauran. Sajan Kat, wadda Maggie Shiu ta taka, ita ce ta so a kai rahoto tun farko, kuma ita ke da gaskiya. Sufeto Leigh ta Ruby Wong ita ce mai bin doka sau da ƙafa, har zuwa musayar wutar ƙarshe inda tsoro ya kama ta bindigarta ta faɗi. Lo, wanda ta kwana tana farauta, shi ya ba ta shawarar ta harba ko sau biyu don rahotonta ya yi kyau. Ta harba. Da haka ta shiga cikin rufa-rufar da aka yi bayani a amsar cin amanar jama'a. Mai kallo na iya cewa an karya macen ne don a nuna ba wanda ya fi wani, kuma ƙorafin yana da hujja.

Na ga fim ɗaya da ƙarshe iri biyu. Wanne ne na gaskiya?

Yawanci na Hong Kong. Hukumar tace finafinai ta babban yankin Caina ba ta yarda mai laifi ya tsira ko ɗan sanda ya ci amana ya wuce lafiya ba. Sanannen misali shi ne Infernal Affairs na 2002, wanda aka yi wa wani ƙarshe dabam inda aka kama ɗan daban da ya shige rundunar, alhali a na asali ya tsira da sirrinsa. Bayan yarjejeniyar ciniki ta CEPA tsakanin Hong Kong da babban yankin Caina da aka sa wa hannu a 2003, finafinan haɗin gwiwa suka sami shiga kasuwar Caina kamar na gida, da sharaɗin bin wannan tacewa. Manyan jari suka bi can. Ƙananan da suka tsaya a kasuwar gida su suka ci gaba da ƙarewa a kan rahoton ƙarya da laifin da ba a hukunta ba. A 2021 Hong Kong ma ta gyara dokar tace finafinanta ta ƙara sharaɗin tsaron ƙasa, filin ya ƙara tsukewa. Alamar ƙarshen da aka liƙa ba ta ɓuya: rubutu ya fito a baƙin allo yana cewa an kama wane an ɗaure shi, ko wasu jami'ai da ba a taɓa gani ba su bayyana a minti na ƙarshe.

Kantonis ko Mandarin, wanne zan zaɓa?

Kantonis. Faifai da manhajoji da yawa suna ɗauke da murya biyu: 粵語 shi ne Kantonis, 國語 shi ne Mandarin. Idan babu rubutu, saurari ƙarshen jimla, Kantonis na yawan ƙarewa da la, ga, wo, a ja su. A muryar Mandarin kalmomin kiran da aka lissafa a sama suna narkewa, zagi yana laushi, kuma a finafinan da baƙi daga babban yankin ke magana dabam da 'yan gari bambancin yana ɓacewa gaba ɗaya. Kada rashin daidaituwar baki da murya ya ruɗe ka a tsofaffin finafinai: har cikin shekarun 1990 akasari ba a ɗaukar sauti a wurin aiki, daga baya ake ɗora murya ko da ta Kantonis ce. Kwafin da aka ɗora wa fassarar baki mai yawan surutu kuwa yana kashe irin fitowar matakalar nan, domin shirun shi ne abin kallon.

Mai son shirya irin wannan da ƙaramin jari, daga ina zai fara, kuma ina ake faɗuwa?

Fara da abu ɗaya da ya ɓace ko aka ɓoye, wanda hannu zai iya ɗauka, kuma mai kallo ya san hukuncin ɓatansa tun minti goma na farko. Sa wa'adi da kowa zai gane ba sai an duba agogo ba, kamar wayewar gari ko canjin masu aiki. Raba mutanenka gida uku: mai laifin, masu rufa masa, da mai binciken da ke da gaskiya. A cikin masu rufawar dole a sami ɗaya da bai yarda ba, domin ta kansa ake auna nauyin abin. Wurare biyar ko shida da ake zuwa da ƙafa sun isa, a riƙa komawa cikinsu har mai kallo ya haddace unguwar. Harbi a ajiye shi zuwa ƙarshe, sau ɗaya.

Wuraren faɗuwa sanannu ne. Na farko, sa 'yan wasa su riƙa furta amana da baki. Da zarar wani ya ce kai ɗan'uwana ne har abada, fargaba ta mutu. Na biyu, mayar da wanda ake taimako mutumin kirki, wanda ke cire tambayar daga labarin, kamar yadda aka nuna a amsar Mike da Lo. Na uku, rufa-rufar da ba ta cuci kowa ba: idan babu bare da ya sha wuya saboda ita, talla ce ba labari ba. Na huɗu na fasaha ne. Fim ɗin dare ɗaya da aka ɗauka cikin watanni yana tona kansa ta aski da ƙiba da rauni, don haka a ɗauki hoton kowane ɗan wasa gaba da gefe a daren farko, a rubuta inda bandeji yake da girman tabon jini a riga, a kuma sayi kaya iri ɗaya aƙalla biyu. Haske kuma a tsayar da launi ɗaya tun farko, in ba haka ba fitilun titi masu ruwan ɗorawa da farar fitilar aiki za su riƙa faɗa a fuska ɗaya, gyaransu a kwamfuta kuma ya fi hayar fitilar tsada.

Akwai ci gaban PTU?

Akwai finafinai biyar da kamfanin Milkyway ya fitar a 2008 da 2009 ƙarƙashin sunan Tactical Unit, da Simon Yam da Maggie Shiu da Lam Suet, amma wasu daraktoci ne suka yi su, Johnnie To yana furodusa. Ba ci gaban daren bindigar ba ne, sunayen mutanen ma an canza, don haka ana iya kallonsu a kowane jeri. Huɗu daga ciki an yi su ne don talabijin da faifai, ɗaya kawai, Comrades in Arms, aka shirya don sinima, kuma shi ya fitar da ayarin daga titi ya kai su daji kusa da iyaka.